Ajin da Ba a Tari a Cikinsa

Shekara tara ina koyarwa a makarantar firamare ta gwamnati da ke unguwarmu a Garuwa, kuma a shekara taran nan ban taɓa ɗaga hannu na doki ɗan kowa ba. Da wannan nake taƙama. Ko hira malamai ke yi a gindin darbejiyar tsakar makaranta, sai na san yadda na karkato zancen ya biyo ta nan. Sunana Hansai, yara suna ce mini Madam. Ajina shi ne na huɗu, wanda muke kira CE2, yara ɗari da goma sha takwas a ɗaki guda, biyar-biyar a benci, wani wurin shida. Amma in ka bi ta bakin tagar ajin da hantsi, sai ka rantse an tashi makaranta.

Ni ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Irinmu ake kira malaman iyaye. Ƙungiyar iyayen yara ce ta ɗauke ni saboda ƙarancin malamai, kuma duk ranar da gwamnati ta turo nata malamin, sai ka tattara allinka ka ba da wuri. To a watan Maris ɗin nan ta turo. Wata yarinya ce mai suna Diane, sabuwar fita daga makarantar horon malamai, da takardarta mai hatimi da jaka cike da kwalaye masu launi-launi. Direktanmu, wato shugaban makarantar, Musye Abdelkerim, ya kira ni ofis ya gaya mini ba kwana-kwana cewa ajina za a ba ta bayan hutu. Hanya ɗaya ce ta rage. Ranar Alhamis mai zuwa za a yi bitar malaman yankinmu a makarantarmu, insfekta zai zo da kansa, kuma direkta ya ba da sunana a matsayin wadda za ta yi darasin gwaji a kan yadda ake riƙe babban aji. In insfekta ya gani ya yaba ya rubuta a bar ni, sai a raba ajin 'yan fari gida biyu a ba Diane rabi. In bai rubuta ba, shi ke nan, in koma gida ina kallon bango. Ba na jin kunyar faɗi, na ji tsoro ƙwarai, don ban iya wata sana'a ba bayan wannan.

Bari in faɗi dabarata, tunda saboda ita aka taru. Shekarata ta farko da ihu na yi ta, kamar yadda Madam Berthe ta ajin da ke jikin nawa take yi har yau, wadda in ta ce a yi shiru sai an ji ta a bakin titi. Kafin hutun farko muryata ta dishe. Daga nan na zauna na yi tunani. Na raba ajin layi huɗu, daga gaban allo zuwa bangon baya. Duk wanda ya yi magana ba a tambaye shi ba, ko ya yi dariya, ko ya ja benci, ba na ko kallonsa. Layinsa gaba ɗaya nake hana fita rekire, wato hutun ƙarfe goma. Su zauna su harɗe hannu, suna jin 'yan'uwansu a waje suna shan ruwa suna sayen ƙosai da fanke. Wanda ya san zafin Garuwa a watan Maris a ƙarƙashin rufin kwano ya san abin da ake nufi da a hana yaro ruwan ƙarfe goma. Mako biyu kacal ya isa. Yaran da kansu suka karɓi aikin, kowa ya zama ɗan sandan na kusa da shi. Abin da suke yi wa mai laifi a hanyar gida ban taɓa tambaya ba, don a ganina wannan ba a cikin ajina ya faru ba.

Ranar Laraba na shirya su. Akwai wata dabara da kowane tsohon malami ya sani, ko da yake ba mai faɗa a gaban insfekta. Na ce musu gobe duk tambayar da na yi, kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga na dama, wanda bai sani ba ya ɗaga na hagu. Baƙo zai ga dajin hannuwa ya ce kowa ya gane, ni kuma na san inda zan nuna. Muka maimaita har sai da masu rikita dama da hagu suka daidaita. Na kwashe masu ƙoƙari na dawo da su gaba, na tura raunana da dogaye can baya. Sannan na tsaya a gabansu na faɗi abin da har gobe nake jin ɗacinsa a bakina. Na ce layin da aka ji ko tari daga cikinsa gobe, ya yi ban kwana da rekire har a yi hutu. Na ƙara da cewa in suka kunyata ni, ba za su sake ganina a makarantar nan ba. Wasu daga cikin 'yan matan gaba har idonsu ya kawo ruwa, don duk da tsoron da suke ji, yaran nan suna sona. Na ga haka na ji daɗi.

Da safiyar Alhamis aka lura ba wurin zaman baƙi. Bayan ajin a cushe yake har jikin bango, don haka aka ce a jera su a gaba, gefen ƙofa. Direkta ya ce ba za a zaunar da insfekta a benci mai rawa ba, sai aka ɗebo masu kyau guda huɗu daga bayan ajin aka kawo gaba. Aka buɗe ɗakin ajiya, wanda rabon da a shige shi tun damina, aka jawo tsofaffin bencina daga ƙarƙashin tarkacen buhuna aka mayar a gurbinsu. Na ce a kakkaɓe su, amma ban tsaya na duba ba, hankalina yana kan rubutun da nake ƙawatawa a allo.

Ƙarfe tara suka shigo, malamai goma sha biyu har da Diane da littafinta, da direkta, da insfekta, wani dattijo siriri mai tabarau a bakin hanci. Yara suka miƙe tamkar mutum ɗaya suka gaishe su, suka zauna ba ko ƙarar benci. Na ga insfekta ya ɗaga gira. Darasin awo ne, mita da santimita. Na kawo igiya da sandar awo, na sa yara biyu suka auna faɗin ƙofa. Na yi tambaya, hannuwa ɗari da goma sha wani abu suka tashi. Na nuna mai dama, ta amsa daidai. Wata malama daga cikin baƙi ta dafe ƙirji tana girgiza kai. Ni kuwa sai muryata ta ƙara zaƙi.

A tambaya ta uku na lura da Estelle. Doguwar yarinya ce mai shekara sha ɗaya, tana maimaita ajin, kuma tun farkon shekara ba ta taɓa ba ni amsa ɗaya daidai ba. Na ajiye ta a kusurwar ƙarshe ta layi na huɗu, inda hasken taga ba ya kaiwa. Hannun dama ta ɗaga. Na ce a raina wannan sakarar ta sake rikita hannuwanta, na wuce ta. A tambaya ta gaba ma dama. Da na juya ina rubutu a allo na waiwayo, kowa ya sauke hannu, nata yana sama. Na watsa mata irin kallon da yarana suka sani. Ta sauke, amma ko minti ɗaya ba a yi ba ta sake ɗagawa, wannan karon duka biyun. Raina ya ɓaci ainun. Na ƙudurta cewa da zarar baƙin nan sun fita, layi na huɗu zai gane kurensa. Kusa da ita akwai wata 'yar ƙarama, Khaula, mai shekara takwas, wadda na mayar baya saboda ba ta da saurin amsa. Na hango ta kifa kai a kan tebur. Wannan ma na sa shi a cikin laifin layin, na gode wa Allah da kawunan na gaba suka tare ta daga idon baƙi.

Haka muka ci minti talatin. Sai insfekta ya gyara tabarau ya ce, cikin fara'a, doguwar yarinyar can ta baya tun ɗazu take ɗoki, a ba ta dama mana. Ba yadda zan yi, na zaɓo tambaya mafi sauƙi a duk darasin, na ce Estelle ta gaya mana santimita nawa ne a mita ɗaya.

Ta miƙe a karkace, jikinta ya jingina gefe guda kamar an ɗaure mata ƙafa ɗaya a ƙasa. Ta buɗe baki. Ta dubi baƙi, ta dubi Khaula, ta dube ni. Ni kuma na kafe ta da ido, kuma na san abin da idona yake gaya mata: abin da aka tambaye ki kawai.

Ta ce, "Ɗari, Madam."

Daidai ne. Karo na farko ke nan a shekarar. Na ce a tafa mata, aka yi tafin nan namu mai kari uku. Ta ci gaba da tsayuwa bakinta a buɗe. Na ce ta zauna, ta zauna. Ba ta sake ɗaga hannu ba.

Da darasi ya ƙare malaman suka kewaye ni a bakin ƙofa. Wannan ya ce shi da yara saba'in ma ba ya jin muryar kansa, waccan ta ce in rubuta mata dabarar a takarda. Diane ta riƙe hannuna ta ce abin da ba a koya musu a makarantar horo ba ke nan. Insfekta murmushi kawai ya yi ya rufe littafinsa. Direkta ya ja su zuwa ofis don tattaunawa, ya ce in sallami yara in same su. Kaina ya yi girma har ina jin ƙofar ajin ta yi mini kaɗan.

Na sallami layi na ɗaya, na biyu, na uku. Na juyo kan na huɗu da niyyar in yanke musu hukunci. A nan ne na ga abin da ya kamata in gani tun da daɗewa. Bencina uku na ƙarshe, duk yaran da ke kai sun naɗe ƙafafunsu sama, ba wanda tafin ƙafarsa ke taɓa ƙasa, ban da Estelle. Fuskokinsu jiƙe da hawaye, kuma ba wanda ya fitar da sauti. Na ratsa tsakanin bencina na isa wurin. Na ce Khaula ta ɗaga kai. Ba ta motsa ba. Na ɗago ta da hannuna.

Jikinta sharkaf da gumi, sanyi ƙalau, yana karkarwa. Ta cusa gefen hijabinta a baki ta cije, har ya jiƙe da miyau da jinin leɓe. Idonta a buɗe, amma ba ni take gani ba. A kan tebur, ƙarƙashin inda ta kifa fuska, ta yi amai ta rufe shi da littafinta.

Na ce, "Me ya same ta? Estelle, me ya same ta?"

Estelle ta dube ni ba ta amsa ba. Sai da na ce na ba ta izini. Ta faɗa da Fulatanci, da wata 'yar murya: "Yaare, Madam." Kunama. Sannan ta ɗaga ƙafarta ta dama a hankali. A ƙarƙashin silifas ɗinta ga baƙar kunama nan, ƙatuwa, a murƙushe, wutsiyarta tana ɗan motsi har lokacin. Daga tsagar tsohon benci ta fito ta harbi Khaula a cinya, ta faɗo ƙasa, Estelle ta take ta. Na tambaye ta yaushe. Ta ce lokacin da ake auna ƙofa.

Auna ƙofa shi ne farkon darasin. Ni kaina kunama ta taɓa harbina ina budurwa, a Tignère wurin kakata, kuma ihun da na yi a ranar ya tara mutanen unguwa. Wannan 'yar shekara takwas ta haɗiye nata minti arba'in da biyar, a tsakiyar yara goma sha biyar da suka gani da idonsu, a ɗakin da manya goma sha biyar ke zaune. Kuma yarinya ɗaya da ta yi ƙoƙarin gaya mini, na tsayar da ita na tambaye ta santimita.

Ban san lokacin da na saɓa ta a kafaɗa ba. Na fita da gudu ba ɗankwali, na bi ta gaban ofis, na ji direkta yana kiran sunana ban tsaya ba. A bakin titi na tare mai babur, na ce asibiti mafi kusa. Duk hanya kanta yana lilo a wuyana, ina kiran sunanta, ina cewa ta yi kuka, ta yi ihu, ta yi duk abin da take so. Ba ta ce uffan ba. Numfashinta kawai nake ji yana fita da wani gurnani.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu, wata mai jiki da ake kira Hindu, ta kwantar da ita ta duba cinyar ta tambayi lokacin da abin ya faru. Na ce ya kusa awa ɗaya. Ta tambaya ko daga ƙauye muke. Na ce daga makaranta, nan bayan kasuwa. Ta tsaya da allura a hannu ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a ina malamarta take duk wannan lokacin. Na ce ni ce, kuma ina cikin ajin. Ba ta sake yi mini magana ba. Suka yi mata allurai, suka ɗaura mata ruwa, suka ce in fita waje. Na ji tana gaya wa abokin aikinta cewa yaro mai wannan ƙanƙantar jiki, da an ƙara rabin awa, sai dai wani zancen.

Ina zaune a barandar asibitin wayata ta yi ƙara. Direkta ne. Ya fara da tambayar jikin yarinya, na ce suna kanta. Ya ce ya aika a gaya wa mahaifinta a kasuwa. Sannan muryarsa ta sake, ya ce in kwantar da hankalina, ajin ya zama nawa. Insfekta ya rubuta a bar ni. Da suka ga na fita da gudu da yarinya a kafaɗa, shi direkta ya ce musu rashin lafiya ce ta kama ta bayan darasi, sai insfekta ya ƙara layi guda a rahotonsa, cewa bayan iya riƙe aji ina da zuciyar uwa. Kuma yana so a bita ta gaba in tsaya a gaban malaman yankin gaba ɗaya in koya musu dabarata, don a yaɗa ta a sauran makarantu.

Na ce, "Musye, a cikin darasin abin ya faru. Tun farkonsa."

Ya ce mu bar wannan maganar tukuna, takarda ta riga ta samu sa hannu. Na kashe wayar. Abin da na kwana bakwai ina roƙon Allah a kai ya samu, amma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Wajen azahar mahaifinta ya iso, Alhaji Salmanu, mai shagon atamfa a babbar kasuwa, mutum mai sanyin hali wanda kakansa ya zo garin nan fatauci daga Kano ya zauna. Ya same ni a baranda ya hau yi mini godiya. Ya ce an gaya masa ni na ɗauko ta a kafaɗa ko ɗankwali babu, Allah ya saka mini da alheri, ya raya mini nawa. Kowace kalma tasa sai da ta soke ni. Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, sai Hindu ta leƙo ta ce yarinya ta dawo hayyacinta, mu shigo. Tun kafin mu kai bakin gado Hindu ta gaya masa abin da na kasa faɗi, cewa 'yarsa ta yi kusan awa guda da dafi a jikinta a cikin aji kafin a kawo ta.

Alhaji ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi 'yarsa. Khaula tana kwance, leɓenta a kumbure, hannunta ɗaure da robar ruwa, cinyar tana zillo da kanta saboda zugi. Ya durƙusa a gefen gadon ya riƙe hannunta ɗaya.

Ya ce, "Uwata, awa guda? Ke da ko ƙaya ta soke ki sai gidan ya ɗauka? Me ya hana ki kuka?"

Ba ta dube shi ba. Idonta ya tsallake kafaɗar ubanta ya sauka a kaina, ya tsaya. Haɓarta tana rawa, hawaye ya cika idon, amma ta datse baki. Alhaji ya sake tambaya, ya ce ta yi magana mana, Baba ne. Ba ta ɗauke ido daga fuskata ba. Ya juyo a hankali ya bi inda take kallo, har ya iso kaina. Na ga lokacin da ya gane, don fuskarsa ta canja gaba ɗaya.

Jira take yi. Na ɗaga mata kai sau ɗaya, kamar yadda nake yi a aji.

Sai a lokacin ta fashe da kuka.